Ciwon Kasa Haɗiya: Shekara Nawa Aikin Tiyata Yake Riƙewa?

Akaleshiya cuta ce ta maƙoshi, wato bututun tsoka da ke ɗaukar abinci daga bayan baki, ya ratsa ƙirji, ya kai shi tumbi. Tsawonsa a jikin baligi ya kai kimanin santimita 25. Ga mai lafiya, da zarar ya haɗiye loma sai tsokar bututun ta matse daga sama, matsin ya riƙa gangarowa yana tura lomar. Kafin ta iso ƙasa, wani zoben tsoka da ke tsare ƙofar tumbi ya saki, loma ta wuce, sannan ya sake tsukewa don kada ruwan tsamin tumbi ya hauro. Duk wannan bai cika wuce daƙiƙa 10 ba, kuma mutum bai san ana yi ba. Masu ba da umarnin su ne wasu ƙananan jijiyoyin saƙo da ke shimfiɗe tsakanin tsokokin maƙoshin. Waɗannan jijiyoyi ne ke mutuwa sannu a hankali a jikin mai akaleshiya, sai abu biyu su lalace tare: zoben ƙasa ya daina saki, bututun kuma ya daina turi. Manomin rani da ke shan ruwan madatsar Bakolori ya san abin da ke faruwa idan ƙofar magudana ta cije: ruwa ya taru a baya, ya kumbura, ya ci gefen magudanar, gonar gaba kuwa ta bushe. Haka abinci da miyau ke taruwa a ƙirjin maras lafiya, maƙoshin yana ƙara faɗi shekara bayan shekara, shi kuma yana ramewa.

Cutar ba ta da yawa. A ƙasashen da aka ƙidaya, kimanin mutum 1 cikin 100,000 ne ke kamuwa da ita a kowace shekara, kuma tana kama maza da mata daidai wa daida, galibi tsakanin shekara 25 zuwa 60, ko da yake ana samunta a yara da tsofaffi. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan jihar Zamfara, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da miliyan 3.2, ke nan aƙalla mutum 30 ne ke shiga wannan hali duk shekara, kuma tun da cutar ba ta kashewa da wuri, masu fama da ita a ɓoye sun ninka haka sau da yawa. Masana sun fi karkata ga cewa garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa jijiyoyin, wataƙila bayan wata ƙwayar cuta ta tayar da ita a jikin wanda halittarsa ta ba da ƙofa. Ba a ɗaukarta daga wani, ba a samunta ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya, kuma ba kasafai take bin dangi ba. A Kudancin Amurka akwai wata cuta da likitan Barazil Carlos Chagas ya gano a 1909, wadda wani ƙwaro mai shan jini ke yaɗawa, tana kuma lalata waɗannan jijiyoyi har ta haifar da irin wannan ciwo. Wannan nau'i ba na ƙasar Hausa ba ne.

Alamar farko ita ce abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji. Abin lura shi ne tun da fari ruwa ma yakan tsaya, ba tuwo da nama kaɗai ba. Maras lafiya yakan koyi dabarun kansa tun kafin ya ga likita: ya riƙa kora kowace loma da ruwa mai yawa, ya miƙe wuya, ya banƙare ƙirji, ya tashi tsaye ya ɗan zaga, har ya ji abin ya faɗa. Hoce, dambu, burodi da tsire su ne ke fara gagararsa, sai ya koma ga kunu da fura. Daga nan abincin da ya kwana a maƙoshi ya fara dawowa baki, ba tare da yunƙurin amai ba, kuma yana fitowa ne kamar yadda aka haɗiye shi, babu ɗaci ko tsamin ciki, domin bai taɓa isa tumbi ba. Da dare lamarin ya fi muni. Idan ya kwanta, abin da ke ƙirji yakan malalo ya jiƙa matashi, ko ya zarce hanyar iska ya ƙware shi, ya tashi da tari. Wasu kuma ciwon ƙirji ne ke damunsu, mai tsanani har su zaci zuciya ce. Akwai wata cutarwa da littattafan likitanci ba su cika ambata ba. A inda ake haɗuwa a ci a kwano ɗaya, a ƙofar gida ko a zaure, wanda ba ya iya haɗiya yakan janye daga cikin mutane don kunya, ya daina zuwa walimar suna da ta biki, ya koma ci shi kaɗai a ɗaki.

Yawancin shekarun da ake ɓatawa kafin a gano cutar suna tafiya ne a kan kamanninta da wasu cututtuka. Abincin da ya daɗe a maƙoshi yakan ruɓe ya yi tsami, ya sa zafin ƙirji irin na ƙwannafi, sai a kemis a ce olsa ce, a yi ta shan maganin olsa ba sauƙi. Rama da tarin dare kuma sukan sa a zargi tarin fuka. A ƙauyukan yammacin Zamfara irin su Dosara da maƙwabtanta a ƙasar Maradun, Bakura da Talata Mafara, ciwon da ya shafi haɗiya yakan fara isa wurin wanzami, a ce hakin wuya ne ko beli, a yanke. Matsalar kuwa tana can ƙasan ƙirji, nesa da inda askar wanzami ke kaiwa, don haka yankan ba ya ƙara komai sai zubar jini da haɗarin ƙwayoyin cuta ga wanda ya riga ya galabaita. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a koma zancen sammu ko jifa, musamman da yake mutum yana ci amma yana bushewa.

Ba kowace kasa haɗiya ce akaleshiya ba, kuma bambancewar tana da muhimmanci ƙwarai. Sankarar maƙoshi ko ta ƙofar tumbi takan fara da tsayawar abinci mai tauri, cikin 'yan watanni ta kai ga ruwa, da saurin rama, galibi ga wanda ya manyanta. Yaron da ya sha sodar da ake haɗa sabulu da ita, ko wanda ya sha ruwan batir, maƙoshinsa yakan ƙone ya warke da tabo ya tsuke, kuma wannan sananne ne a asibitocin Arewa. Mai raunin garkuwar jiki kan samu farin gansakuka a maƙoshi mai sa zafin haɗiya. Shanyewar ɓarin jiki ma tana hana haɗiya, amma tun daga baki. Kowanne maganinsa daban.

Gwaji uku ne ke tabbatar da cutar. Na farko, wanda ya fi sauƙin samu, shi ne hoton eksire bayan an sha wani farin ruwa mai kauri da ake kira bariyom. A hoton sai a ga maƙoshi ya buɗe, ruwan ya tsaya cak, ƙarshensa ya tsuke ya yi tsini irin na bakin tsuntsu. Idan aka ɗauki hoton a minti 1 da minti 5 aka auna tsayin ruwan da ya rage, an sami ma'aunin da za a riƙa kwatanta shi bayan aiki. Na biyu shi ne endoskofi, wato zura siririn bututu mai kyamara ta baki. Babban amfaninsa shi ne tabbatar da cewa ba sankara ce ta toshe ƙofar tumbi tana kwaikwayon akaleshiya ba, kuma bai kamata a yi wa kowa aiki ba tare da shi ba. Na uku shi ne awon matsin maƙoshi, da wani siririn bututu da ake zurawa ta hanci. Da wannan awo ne masu bincike a birnin Chicago na Amurka suka kasa cutar gida uku a 2008: nau'in da maƙoshi ya saki gaba ɗaya ba motsi, nau'in da yake matsewa gaba ɗaya lokaci guda, da nau'in da ƙasansa ke murɗewa da ƙarfi. Na biyun ya fi karɓar magani. Na'urar wannan awo tana da tsada kuma ba ta yawaita a Najeriya ba, shi ya sa likitocinmu suka fi dogara da labarin maras lafiya da hoton bariyom da endoskofi, waɗanda idan cutar ta nuna sosai sun wadatar. Ga mutumin Dosara, hanyar takan fara daga babban asibitin Maradun ko na Talata Mafara, daga nan a tura shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano.

Jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Duk magungunan da ake da su manufarsu ɗaya ce, a raunana zoben ƙasa domin abinci ya faɗa tumbi da nauyinsa. Tun a 1674 likitan Ingila Thomas Willis ya ba da labarin wani maras lafiya da ya ƙera wa sanda ta ƙashin kifin teku da soso a bakinta, yana tura abinci da ita bayan ya ci, kuma ya rayu shekaru a haka. Aikin tiyata ya zo ne a 1913, lokacin da Ernst Heller, wani likitan fiɗa Bajamushe a birnin Leipzig, ya tsaga tsokar ƙasan maƙoshi ta gaba da ta baya ba tare da ya huda tantanin ciki ba. A 1923 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Zaaijer ya nuna cewa tsaga ɗaya ta gaba ta isa, kuma ita ake yi har yau da sunan aikin Heller. Likita yakan tsaga tsokar a tsaye, kimanin santimita 6 a kan maƙoshi, ya zarce santimita 2 zuwa 3 a kan tumbi, har tantanin ciki ya bultso ta tsagar. Wannan ɗan guntun da ke kan tumbi shi ne mafi wahalar yi, domin a nan tsoka ta manne wa tantani, kuma a nan ne aiki ke kyau ko ya ɓaci.

Buɗe ƙofar yana da nasa farashi, domin ƙofar da ta saki abinci ya sauka ita ce za ta saki ruwan tsami ya hau, ga shi maƙoshin ba shi da ƙarfin mayar da shi. Don haka ake ɗauko saman tumbi a naɗe shi a gefen maƙoshi ya zama makari. Likitocin Faransa biyu ne suka fito da hanyoyin da aka fi bi: Dor a 1962, wanda ke naɗewa ta gaba, da Toupet a 1963, wanda ke naɗewa ta baya. Ba a zagaye maƙoshin gaba ɗaya, don kada a sake toshe abin da aka buɗe. Wani gwaji da aka yi a Amurka aka buga a 2004 ya raba marasa lafiya 43 gida biyu, aka sami hawan ruwan tsami fiye da ƙima ga kusan kashi 48 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa naɗin ba, da kashi 9 kawai ga waɗanda aka yi wa, kuma haɗiyarsu ba ta bambanta ba. Tun daga nan naɗin ya zama ƙa'ida.

A 1991 aka fara yin aikin ta ƙananan huji a ciki da taimakon kyamara, a birnin Dundee na Sikotilan, ƙarƙashin Alfred Cuschieri. Ta wannan hanya maras lafiya kan koma gida cikin kwana 2 ko 3, mace-mace kuma ba su kai 1 cikin 100 ba. Inda babu kayan aikin, ana tsaga ciki ko ƙirji a yi, jinya ta fi tsawo, tabo ya fi girma, amma abin da ake yi wa tsokar iri ɗaya ne. A 2008 likitocin fiɗa na asibitin koyarwa na Zariya sun buga rahoton marasa lafiyar da suka yi wa aikin Heller cikin shekaru masu yawa, wanda ya nuna cewa cutar tana nan a ƙasar Hausa, masu ita suna zuwa a makare, kuma duk da haka mafi yawansu sun sami sauƙi. A wannan shekarar ce kuma Haruhiro Inoue na ƙasar Jafan ya fara wata sabuwar hanya da ake kira POEM, inda ake shiga ta baki da endoskofi, a yi rami a ƙarƙashin tantanin maƙoshi, a yanke tsokar daga ciki ba tare da an taɓa fatar jiki ba.

Akwai hanyoyin da ba na yanka ba. Mafi ƙarfinsu shi ne buɗawa da balan-balan mai faɗin milimita 30, 35 ko 40, wanda ake hurawa a ƙofar tumbi har tsokar ta yage. Allurar Botox a zoben tana sassauta shi, amma aikinta yakan gushe cikin wata 6 zuwa shekara, don haka an fi tanadarta ga tsoho ko mai rauni da ba zai jure tiyata ba. Ƙwayoyi irin su nifedifin taimakonsu kaɗan ne.

Kafin a yi maganar ɗorewa, sai an san abin da likitoci ke kira nasara. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, wanda ke ɗauke da sunan likitan Jamus Eckardt, yana duba abu huɗu: tsayawar abinci, dawowarsa baki, ciwon ƙirji da rama. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 3, jimla 12. Wanda makinsa bai wuce 3 ba, aiki ya yi. Ke nan mutumin da ya mayar da jikinsa, yake cin tuwo da iyalinsa, amma wani lokaci nama ya ɗan tsaya masa sai ya kora da ruwa, yana cikin waɗanda aka ci nasara a kansu. Ya kamata a faɗa wa maras lafiya wannan tun kafin ya hau gadon tiyata, domin wanda ya sa ran komawa kamar bai taɓa ciwo ba zai ga gazawa a inda babu ita.

Bincike mafi inganci a kan ɗorewar shi ne wanda aka gudanar a asibitoci 14 na ƙasashen Turai 5, ƙarƙashin jagorancin Guy Boeckxstaens, aka fara buga sakamakonsa a 2011. An raba marasa lafiya 201 ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu aikin Heller da naɗin Dor, wasu aka buɗa da balan-balan. Bayan shekara 2, kashi 90 cikin 100 na masu tiyata suna lafiya, da kashi 86 na masu balan-balan. Bayan shekara 5 alƙaluman suka koma 84 da 82. Bayan shekara 10 duka ɓangarorin suka tsaya a kashi 74. Darasi biyu ke cikin waɗannan alƙaluma. Na farko, aikin yana riƙewa: mutum 3 cikin 4 suna cin abincinsu bayan shekara 10. Na biyu, nasarar tana zaizayewa kaɗan-kaɗan, don haka sakamakon shekarar farko ba shi ne na ƙarshe ba. Sai dai daidaiton da aka gani tsakanin hanyoyin biyu yana da sharaɗi. Masu balan-balan an yi musu buɗawar fiye da sau ɗaya tun farko, kuma kashi ɗaya cikin huɗu sun buƙaci a sake cikin shekara 5. Kusan kashi 4 cikin 100 kuma maƙoshinsu ya fashe wajen buɗawar, abin da ke buƙatar kulawar gaggawa. A ɓangaren tiyata tantanin ciki ya ɗan yage ga kashi 12, amma ana gani nan take a ɗinke. An kuma lura cewa 'yan ƙasa da shekara 40 da masu nau'i na uku ba su cika jin balan-balan ba: a nau'i na ukun, kashi 40 ne suka dace da shi bayan shekara 2, alhali tiyata ta ba da 86.

Cibiyoyin da suka ƙware a aikin suna samun abin da ya fi haka. Likitocin jami'ar Padua a Italiya sun ba da rahoton marasa lafiya 1,001 da suka yi wa aikin ta huji tsakanin 1992 da 2017, kusan kashi 90 cikin 100 sun sami biyan buƙata, kuma yawancin waɗanda ciwon ya dawo musu an gyara da balan-balan ba tare da sake yanka ba. Daga ƙasar Chile kuma Attila Csendes da abokan aikinsa sun bi marasa lafiya 67, wasunsu har kusan shekara 30. Kashi 73 suna cikin kyakkyawan hali, kuma mafi yawan waɗanda suka koma baya ba tsohon ciwon ne ya dawo ba, ruwan tsami ne ya yi ta ƙona maƙoshin tsawon shekaru. Wannan binciken ya fi kowanne nuna inda haɗarin nesa yake.

Hanyar POEM ma a nan take da rauni, tun da ba a yin naɗi a cikinta. A gwajin da aka buga a 2019 a kan marasa lafiya 221, nasararta bayan shekara 2 ta kai kashi 83, ta Heller da naɗi kuma kusan 82, ba wani bambanci. Amma da aka leƙa da kyamara, an ga ƙunar ruwan tsami a maƙoshin kashi 44 na masu POEM, da kashi 29 na masu Heller. Inda ta yi fice shi ne nau'i na uku, domin ana iya tsawaita yankan zuwa sama yadda ake so.

Idan haɗiya ta sake tsayawa bayan aiki, lokacin da ta tsaya yana nuna dalili. Wadda ba ta taɓa gyaruwa ba, ko ta dawo cikin 'yan watanni, galibi yankan ne bai sauka sosai kan tumbi ba, ko naɗin ya yi tsauri. Wadda ta dawo bayan shekaru kuwa, ko tabo ne ya haɗe bakin tsagar, ko ƙunar ruwan tsami ta tsuke ƙasan maƙoshi, ko kuma maƙoshin ne ya ci gaba da faɗi har ya lanƙwashe abinci yana kwanciya a gindinsa. Kusan duk waɗannan suna da gyara: a buɗa da balan-balan, a yi POEM, ko a sake aikin Heller. Kaɗan ne, kimanin kashi 5 cikin 100, ke kaiwa ga a cire maƙoshin a maye gurbinsa da tumbi ko wani yanki na babban hanji, kuma wannan babban aiki ne mai haɗari. Waɗanda suka fi faɗawa wannan rukuni su ne waɗanda suka zo bayan maƙoshi ya riga ya zama jaka. Jinkirin shekarun da aka yi ana maganin olsa da hakin wuya, a nan ake biyan kuɗinsa. Akwai kuma batun sankara. Wanda ya daɗe da akaleshiya, musamman sama da shekara 10, haɗarin sankarar maƙoshi ya fi yawa a kansa fiye da sauran mutane, saboda daɗewar ruɓaɓɓen abinci a kan tantani. Yawancinsu ba sa kamuwa, amma tiyata ba ta kawar da haɗarin gaba ɗaya, don haka duk sabuwar tsayawar abinci, ko rama, ko aman jini bayan shekaru ana lafiya, dalili ne na komawa a leƙa da kyamara ba tare da ɓata lokaci ba.

Idan aka auna duk wannan da halin da mutanen yammacin Zamfara ke ciki, hukuncin bai da wuyar yankewa. Hanyar balan-balan ta dace da wanda ke kusa da asibitin da zai iya komawa sau da yawa, inda kuma akwai likitan fiɗa a shirye idan maƙoshi ya fashe. POEM tana buƙatar kayan aiki masu tsada, kuma da yawa daga masu ita sai sun dawwama a kan maganin rage ruwan tsami. Manomin da zai sayar da buhunan shinkafa ko ɗan bijiminsa kafin ya haɗa kuɗin asibiti, ya kuma bi hanyar da matsalar tsaro ta sa ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba, ya fi buƙatar aiki ɗaya mai ƙarko. Aikin Heller da naɗi, a hannun likitan da ya saba yinsa, shi ne ya fi cika wannan sharaɗi, ko da ta hanyar tsaga ciki aka yi. Hakkin maras lafiya ne da danginsa su tambayi likita ko ya saba yin aikin, ko za a yi naɗi, da kuma inda za a koma idan matsala ta taso. Wanda ya rame ƙwarai kuma akan fara gina jikinsa da abinci mai ruwa-ruwa da ƙarin ruwa, a magance ciwon huhu idan akwai, a wanke maƙoshin kafin a sa shi barci, don kada abin da ke ciki ya zarce huhu.

Bayan aiki akan fara da ruwa da koko da kunu, sai fate da tuwo mai laushi da miya mai yawa na 'yan makonni, kafin a koma ga sauran abinci. Daga nan abin da ya rage yana hannun mai jikin. Tun da nauyi ne kaɗai ke saukar da abinci, dole a ci a zaune tsaf, a tauna sosai, a kora da ruwa, a kuma bar aƙalla awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya. A ɗaga kan gado da bulo kimanin santimita 15 zuwa 20, mai kwana a tabarma kuma ya sami abin da zai tallafe shi tun daga ƙugu zuwa kai, domin tara matasai a ƙarƙashin wuya kaɗai ba ya aiki. A watan azumi an fi samun matsala, saboda cika ciki da buɗa-baki da komawa barci bayan sahur, don haka gara a rarraba abincin, a zauna bayan sahur har gari ya waye. Taba da yawan yaji da maiƙo suna tayar da ruwan tsami. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak, da maganin doksisaikilin, idan suka maƙale a maƙoshi sukan ƙona shi, saboda haka ba a shansu sai da izinin likita, a tsaye, da ruwa mai yawa. Jiƙa kanwa a sha don ƙwannafi yana kwantar da zafin na ɗan lokaci amma ba ya hana ƙunar. Magani irin omefirazol ne ke rage ruwan tsamin daga tushe, kuma likita ne zai faɗi tsawon lokacin shansa.

Abu mafi wuyar karɓa shi ne komawa asibiti alhali ana jin lafiya. Maƙoshin mai akaleshiya ba ya jin zafi yadda na sauran mutane ke ji, don haka ruwan tsami na iya ƙona shi shekaru ba tare da ƙwannafi ba, kuma yana iya ci gaba da faɗi alhali mai shi yana ganin haɗiyarsa ta gyaru, don kawai jakar ta ƙara girman da za ta ɗauki abincin. Hoton bariyom da ake auna tsayinsa a minti 5 yana tona wannan tun kafin alamu su bayyana, kuma ba shi da tsadar sauran gwaje-gwajen. Ya kamata wanda aka yi wa aikin ya adana katinsa da hotunansa da takardar da ta bayyana irin aikin da aka yi masa, ya riƙa auna nauyinsa a asibitin da ke kusa, ya kuma koma wurin likitan da ya yi aikin bisa ranakun da aka sa masa. Ma'aikatan lafiya na Dosara, Maradun, Bakura da Talata Mafara kuma, duk wanda ya zo musu da tsayawar abinci da ruwa a ƙirji na fiye da 'yan makonni, ko abinci yana dawo masa baki da dare, su tura shi hoton bariyom da endoskofi kafin su sake rubuta masa maganin olsa.